Tauraron Hamadar Mojave: Me Ya Sa Irinsa Ba Ya Tsirowa Gaba Ɗaya?

A hamadar Mojave da ta Sonora, daga kudu maso yammacin Amurka har cikin arewa maso yammacin Meziko, akwai wani ɗan fure da masana tsirrai ke kira Monoptilon bellioides. Mutanen yankin suna kiransa da sunan da ke nufin tauraron hamada. Gefensa fari ne, wani lokaci da ɗan jaja-jaja, tsakiyarsa rawaya, faɗinsa bai fi santimita biyu ba. Yakan buɗe da safe ya rufe da yamma. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, tsiron gaba ɗaya bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba: ya fito, ya yi fure guda, ya yi 'ya'ya, ya bushe. A shekarar da ruwa ya wadata kuwa sai ya kwanta a ƙasa ya miƙa rassa jajaye har santimita 25, furanni su lulluɓe shi har ba a ganin ganyensa. Yana cikin waɗanda masu zuwa kallon furannin hamada ke yi wa laƙabi da furannin rub-da-ciki, domin sai mutum ya kwanta a kan tsakuwa kafin ya gan su da kyau.

Ƙanƙantarsa ba ita ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne, wurin da ya cika da shi a bana kana iya komawa baɗi da baɗin baɗaɗa ka tarar da tsakuwa zalla, ko ɗan tsiro ɗaya babu. Sai bayan shekara biyar ko goma ya sake bayyana a daidai wurin, kamar bai taɓa ɓacewa ba. Tsiro ne da ba shi da dogon jijiya, ba shi da albasa ko rogo a ƙarƙashin ƙasa, ba ya ajiye ruwa a jikinsa, kuma rayuwarsa daga tsirowa zuwa bushewa 'yan watanni ne. To ina yake zuwa, kuma ta yaya yake sanin lokacin dawowa?

Furen da ba ɗaya ba ne

Gidan da ya fito ba baƙo ba ne a wurinmu. Masana suna kiran dangin Asteraceae, kuma yana cikin dangogi biyu mafi girma a tsirrai masu fure, da nau'i tsakanin 25,000 zuwa 32,000, gwargwadon wanda ya yi ƙidayar. Shuwaka 'yar gidan ce, haka latas, haka tazargade, haka ma kashin yawo da ke maƙale wa a ƙafar dabba. Abin da ya haɗa su shi ne tsarin furensu. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, a gaskiya taron ƙananan furanni ne da aka cusa a kan faifai guda. Waɗannan fararen na gefe, kowanne fure ne mai zaman kansa, aikinsa jawo hankalin ƙwari. Rawayan tsakiya kuma ƙananan furanni ne masu siffar bututu, ba sa buɗewa lokaci ɗaya, suna farawa daga na waje zuwa na ciki a cikin 'yan kwanaki. Kowanne daga cikinsu ƙwayar iri ɗaya tak yake bayarwa.

Ga tsiron hamada wannan tsari riba ne babba. Ƙwaro ɗaya ya sauka sau ɗaya ya taka furanni da yawa. Kuma tunda ba rana ɗaya suke buɗewa ba, in iska mai ƙarfi ta hana ƙwari fita yau, gobe akwai sauran dama. Ko tsiron da bai fi kan yatsa ba, in dai ya samu ya yi kai ɗaya, ya bar iri masu ɗan dama a ƙasa.

Yana da ɗan'uwa guda a jinsinsu, Monoptilon bellidiforme, wanda ya fi shi ƙanƙanta, sai kuma 'yan gida ɗaya da suke zaune tare a filin, irin su Eriophyllum wallacei mai rawayan fure da jiki duk farin gashi kamar an yayyafa masa auduga, da Geraea canescens mai tsayi wanda shi ne ke mayar da kwarin Death Valley da ke jihar Kalifoniya ruwan zinariya a shekarun albarka. Duk matsalarsu ɗaya ce, kuma kusan hanya ɗaya suka bi wajen warware ta.

Ruwan da ba shi da alƙawari

Dole mai karatu ya juya tunaninsa a nan, domin yanayin Mojave akasin namu ne. Yawancin ruwanta a lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Oktoba zuwa Maris, daga guguwar da ke tasowa daga tekun Pasifik. Duwatsun Sierra Nevada da na kudancin Kalifoniya suna tare hadarin, su tatse shi, abin da ya tsallako shi ne rabon hamada. A Furnace Creek da ke tsakiyar Death Valley, matsakaicin ruwan shekara bai kai milimita 60 ba. Agadas ma ta fi shi samun ruwa. A 1929 da 1953 ko ɗigo ba a auna a wurin ba. Da rani kuwa, wato lokacin zafinsu na wajen Yuni zuwa Agusta, zafi kan haura digiri 50, kuma a nan aka rubuta digiri 56.7 a ranar 10 ga Yulin 1913.

Amma ƙarancin ruwan ba shi ne babbar matsalar ba. Tsiro yana iya sabawa da kaɗan in dai kaɗan ɗin yana zuwa a kan lokaci. Matsalar ita ce rashin tabbas. Matsakaicin da ake faɗa lissafi ne kawai a takarda, domin shekara ɗaya ta kawo ninki uku, uku su biyo baya babu komai. Kuma ruwan da ya sauka a Nuwamba ba ya ba da tabbacin wani zai biyo shi a Janairu.

Tsirran hamada sun rabu a kan yadda suke fuskantar wannan. Wasu suna jurewa, kamar ƙaramar bishiyar nan Larrea tridentata da ta mamaye Mojave, mai ganye da maiƙo, wadda takan yi shekaru ɗaruruwa a tsaye. Wasu suna ajiye ruwa a jiki. Tauraron hamada ba ya cikin ko ɗaya. Shi ba ya jure fari ko kaɗan, guje masa yake yi. Yana rayuwa ne a 'yan watannin da hamada ba ta zama hamada ba, lokacin da ƙasa ke da laima kuma rana ba ta da zafi, ya manne da ƙasa inda ya fi ɗumi da rana kuma iska ba ta busar da shi, ya gama komai kafin Mayu. Sauran lokacin duk a matsayin ƙwayar iri yake yin sa, a cikin santimitocin farko na saman ƙasa. Idan aka auna da tsawon lokaci, ainihin tsiron shi ne irin. Furen da ake zuwa ɗauka hoto ɗan taƙaitaccen fitowa ne don a sake cika rumbu.

Ke nan duk rayuwarsa ta rataya a kan shawara guda, wadda ba a janyewa: yaushe za a tsira. Irin da ya tsage ya fitar da saiwa ba shi da hanyar komawa. In ruwa ya ɗauke, ya mutu bai bar magaji ba.

Abin da iri ke aunawa

Wanda ya fara bin wannan tambaya da gaske shi ne Frits Went, masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan da ya koyar a jami'ar Caltech ta Kalifoniya, wanda ya yi suna tun a ƙarshen shekarun 1920 da aikinsa kan sinadarin da ke sa tsiro girma. A shekarun 1940 ya riƙa ɗebo ƙasa daga hamadar yankin Joshua Tree da Death Valley yana shayar da ita a ɗakin gwaji, a zafi daban-daban. Ya ga cewa daga ƙasa guda, in an shayar da ita a sanyi wasu nau'o'i ne ke fitowa, in an shayar da ita a zafi wasu ne daban. Ya kuma ga cewa ɗan yayyafi ba ya tayar da su, sai ruwa mai yawa. Bayanin da ya bayar shi ne, a jikin irin akwai sinadarin da ke hana shi tsirowa, sai ruwa mai yawa ya wanke shi. Wannan bayani ya yi farin jini, har yau shi jagororin masu yawon buɗe ido suka fi maimaitawa, domin yana da daɗin faɗa. Yana iya zama gaskiya ga wasu nau'o'in. Amma ga da yawa, abin da bincike na baya ya fi nunawa ya fi haka sauƙi: irin yana buƙatar ƙasar da ke kewaye da shi ta zauna a jiƙe na kwanaki a jere, a zafin da ya dace da shi. Yayyafi kan bushe kafin a kai ga haka.

Wadda ta sa wa abin adadi ita ce Janice Beatley. Ta yi shekaru tana auna ruwa da ƙidaya tsirrai a filin da Amurka ke gwajin makaman nukiliya a wancan lokacin a jihar Nebada, wuri ne da aka killace, ba kiwo ba masu yawo, don haka ya dace da irin wannan aiki, duk da abin da ake yi a cikinsa. A 1974 ta bayyana cewa abin da ke tayar da furannin sanyi da yawa shi ne ruwa guda mai kai milimita 25 ko fiye, wanda ya sauka tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Disamba. In bai kai haka ba sai a ga tsiro jefi-jefi. In ya makara, tsirran kan fito amma ba sa samun lokacin yin jiki.

Akwai kuma wani mataki kafin wannan. Irin da ya faɗi a Afrilu ba ya tsirowa ko da an jiƙa shi a lokacin. Sai ya sha zafin rani na watanni tukuna barcinsa ke sassautawa. Wato zafin da zai kashe tsiron shi ne ke shirya irin. Wannan ne ke kare shi daga ruɗin ruwan bazata na watan Yuli ko Agusta. Wancan ruwan na zafi yana da nasa masu jira, kuma a cikinsu akwai ɗan gidan su tauraron, Pectis papposa, ɗan rawayan fure mai ƙamshi, wanda irinsa ke kwance a ƙasa ɗaya da na tauraro amma ba ya motsi sai ƙasa ta yi zafi. Maƙwabta ne na ƙut da ƙut da ba su taɓa ganin juna a tsaye ba.

Har nan, labarin na auna yanayi ne, kuma da a nan ya tsaya da ba wani abin mamaki. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne, ko a shekarar da komai ya cika, ruwa ya sauka a kan lokaci, sanyi ya yi daidai, ba duk irin ke tsirowa ba. Wani kaso yana nan kwance, lafiyarsa ƙalau, ya ƙi fitowa. A ido wannan asara ce. Irin da ya zauna ya rasa shekarar albarka, kuma yana iya zama abincin tururuwa kafin wata ta zo.

Lissafin ƙin fitowa

Dan Cohen na Jami'ar Ibraniyawa da ke Ƙudus ne ya warware wannan da lissafi a 1966. Hujjarsa ita ce, yawan zuriya daga shekara zuwa shekara ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Kuma duk abin da aka ninka da sifili ya zama sifili, komai yawansa a baya.

Mu ƙaddara gidaje biyu, kowanne ya fara da iri 100. A shekara mai kyau duk irin da ya tsira yana barin biyar a ƙasa, a mummunar shekara kuwa duk wanda ya tsira ya mutu. Gida na farko yana fitar da duk irinsa kowace shekara. Gida na biyu rabi yake fitarwa, kuma a cikin rabin da ya zauna, ɗaya cikin biyar yana lalacewa. Bayan shekara mai kyau ta farko, na farko yana da 500, na biyu 290. Bayan ta biyu, na farko 2,500, na biyu 841. Duk mai kallo zai ce na farko ya yi nisa. Sai shekara ta uku ta zo da ruwan yaudara, aka tsira, ruwa ya ɗauke. Na farko ya ƙare ƙurmus. Na biyu yana da sama da 330 a ƙasa suna jira. Alƙaluman misali ne kawai, amma ko an sauya su hukuncin bai sauyawa: muddin akwai shekarar da za a yi asarar komai, gidan da ke rage wani abu shi ke wanzuwa, ko da kullum shi ne a baya a shekarun daɗi.

Manomin gero a ƙasar Damagaram ko Daura ya san wannan ba tare da an rubuta masa ba. In ya yi binne, ko ya bi ruwan farko da shuka, ba ya juye duk irinsa a rami, domin ya sha ganin shuka ta fito ta ƙone an koma an sake. Bambancin shi ne, gero ya daɗe da rasa wannan dabara a jikinsa. Dubban shekaru na zaɓen iri sun sa duk ƙwayar da aka binne tana fitowa da zarar ta ji laima, don haka hankalin ajiyar ya koma kan manomi da rumbunsa. Furen daji ba shi da mai yi masa ajiya, a cikin ƙwayar aka gina ta. Uwa ɗaya takan zubar da 'ya'yan da nauyin barcinsu ya bambanta, wasu su farka a ruwan farko, wasu sai an yi shekaru.

Lissafin Cohen ya yi shekaru a matsayin hasashe mai kyau wanda ba a gwada shi sosai a fili ba, saboda gwada shi na buƙatar haƙurin da ba kowane mai bincike ke da shi ba. A kan tudun Tumamoc da ke gefen birnin Tucson na jihar Arizona akwai tashar binciken hamada da Cibiyar Carnegie ta kafa a 1903. A nan Larry Venable na Jami'ar Arizona ya kafa ƙananan filaye a 1982, shi da ɗalibansa suka riƙa zuwa bayan kowane ruwa suna yi wa kowane ɗan tsiro alama, su bi shi har ya mutu, su ƙidaya irin da ya bari, daga baya kuma suka ƙara da tace ƙasa don ƙidaya waɗanda suka ƙi fitowa. A 2007 ya fitar da sakamako a kan nau'i goma, tauraron hamada na cikinsu. Abin da Cohen ya hasasa shi aka gani: nau'in da sa'arsa ta fi hawa da sauka tsakanin shekaru shi ya fi rage iri a ƙasa, wanda kuma sakamakonsa ya fi daidaito shi ya fi sakin jiki ya tsira.

Aikin ya ƙara fito da wani abu da ni a ganina ya fi na farkon daɗi. Nau'o'in sun kasu tsakanin masu saurin girma da masu tattalin ruwa, kuma babu wanda ya haɗa biyun. Mai sauri, irin su Eriophyllum lanosum, in ya samu ruwa mai yawa sai ya baza ganye ya yi 'ya'ya birjik, in bai samu ba ya tashi a tutar babu. Mai tattali ba ya cin babbar riba, ba ya kuma faɗuwa warwas. Saboda shekarar da ta yi wa wannan daɗi ba ita ke yi wa wancan ba, kuma kowa yana da ajiyar da zai tsallake muguwar shekararsa da ita, babu wanda ke iya korar sauran daga filin. Rashin tabbas ɗin da muke ɗauka masifa shi ne ya ba nau'o'i da yawa damar zama a fili ɗaya.

Shekarun da hamada ke cika

Da wannan a hannu, abin da jaridu ke yayatawa duk bayan 'yan shekaru, cewa hamada ta yi fure ba zato, ya daina zama abin al'ajabi. A Death Valley an ga haka a 1998 da 2005 da 2016. Na 2016 ya samo asali ne daga ruwan Oktoban 2015, wanda ambaliyarsa ta ranar 18 ga wata ta lalata hanya da gine-gine a Scotty's Castle, wani tsohon gida da masu yawon buɗe ido ke ziyarta a can, har aka rufe wurin shekaru. Ruwan ya zo a daidai tagar da Beatley ta faɗa, aka samu 'yan ƙari a bayansa, zuwa Fabrairu kwarin ya zama rawaya.

Ana yawan jingina abin ga El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan ƙara wa kudancin Kalifoniya ruwan sanyi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba doka ba ce. Furen da ya cika gandun hamada na Anza-Borrego da ke kudancin Kalifoniya a 2017, har motoci suka toshe garin Borrego Springs, ba a shekarar El Niño ya zo ba. Yawan ruwa kaɗai ma ba ya isa. A ranar 20 ga Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zubar wa Furnace Creek ruwan kusan shekara guda a yini ɗaya, har tafki ya kwanta a Badwater, wuri mafi zurfi a kwarin, amma furen farkon 2024 bai kama ƙafar na 2016 ba. Ruwan ya zo ƙasa tana da zafi.

Ba mutane kaɗai ke jiran irin wannan shekara ba. Kunkurun hamada, wanda Amurka ta sa na yankin Mojave cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a 1990, da waɗannan ɗanyun tsirrai yake samun yawancin abincinsa da ruwansa. Akwai ƙananan ƙwari dangin zuma da ba sa yin saƙa, kowace tana haƙa raminta, kuma an gano cewa a wasunsu 'ya'yan ma ba sa fitowa gaba ɗaya a shekara guda, wasu kan ƙara shekara a rami. Tsutsotsi kan bi furen su cinye fili cikin kwanaki, shaho masu ƙaura daga Kudancin Amurka su sauka a Borrego su ci tsutsotsin. Bayan komai ya bushe sai tururuwa da ɓerayen hamada su hau kwasar iri. Nan ƙanƙanta ke da rana, domin ɓera ya fi son ƙwaya mai gwaɓi. Gwajin da James Brown ya fara a 1977 kusa da Portal a Arizona ya nuna cewa in aka killace fili aka hana ɓerayen shiga, tsirrai masu manyan iri ne ke yawaita su danne masu ƙanana. Ashe ɓeran da ake gani ɓarawo yana yi wa masu ƙaramin iri aiki. Mutanen Cahuilla, 'yan asalin wannan yanki, su ma sun daɗe suna tara irin wasu furannin wannan dangi suna niƙawa su ci.

Inda dabarar ba ta kai ba

Fari, komai tsawonsa, abu ne da irin ya zo duniya da shirinsa. Abubuwan da ke yi masa illa su ne waɗanda ba sa cikin lissafin.

Na farko baƙin ciyayi. Wani tsiro ɗan dangin kabeji daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, Brassica tournefortii, an fara tsintarsa a kwarin Coachella na Kalifoniya a 1927, ana kyautata zaton da dashen dabino ya shigo. Yana riga 'yan gida tsirowa, ya shimfiɗa manyan ganye, ya shanye laimar kafin su miƙe. Akwai ciyayi biyu daga yankin Bahar Rum, Bromus rubens da Schismus, kuma ta biyun ta fi shafar tauraron hamada kai tsaye, domin tana cika filin da ke tsakanin bishiyoyi, wanda nan ne mazauninsa. Hayaƙin motocin Los Angeles da iska ke kaiwa hamada yana sauke sinadarin naitirojin, wato taki kyauta, kuma baƙin ne suka fi cin moriyarsa. A wajen Tucson da jihar Sonora kuwa babbar annobar ita ce Cenchrus ciliaris, 'yar'uwar ƙarangiyarmu ta jini, wadda aka kai daga Afirka da gangan don kiwon shanu da riƙe ƙasa. Yau ma'aikata da 'yan sa-kai ne ke bin ta da diga suna tumɓukewa a gandun daji na Saguaro da ke gefen Tucson. Har a cikin dangin su tauraron akwai baƙo mai cutarwa, Oncosiphon piluliferum daga Afirka ta Kudu, wanda ya mamaye kewayen Phoenix.

Gasar ruwa ita ce ƙaramar illar. Babbar ita ce wuta. Furannin gida in sun bushe sukan ruɓushe iska ta kwashe, fili ya koma tsakuwa, don haka ko tsawa ta kunna wa bishiya ɗaya wuta ba ta da gadar da za ta bi zuwa ta gaba. Baƙin ciyayin kuwa a tsaye suke bushewa, su haɗa bishiya da bishiya. Ruwan da ya kawo furen 2005 shi ne ya kawo ciyawar da ta ci wuta a ranin wannan shekarar, aka ƙone ɗaruruwan dubban hekta a Mojave. Bayan gobara ciyawar ce ke fara dawowa, ta fi da yawa, ta shirya wa gobara ta gaba. Shekarar albarka, wadda a da ita ce lokacin cika rumbu, yanzu ta zama lokacin da abokin gaba ya fi ƙarfi.

Sauyin yanayi kuma ya zo ta inda ba a zata ba. Da Sarah Kimball da abokan aikinta suka duba bayanan Tumamoc na shekara 25, sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna wurin ya ƙara zafi da bushewa, amma nau'o'in da suka ƙaru su ne masu jure sanyi. Dalili shi ne ruwan da ke tayar da iri ya riƙa makara, daga wajen Oktoba ya koma Disamba, don haka tsirran suna fitowa ne a tsakiyar sanyi. Duk wanda ya yi hasashe daga ma'aunin zafi kaɗai da ya faɗi akasin abin da ya faru. Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da masu saurin yanke hukunci a kan makomar waɗannan furanni, ko ta alheri ko ta sharri.

Sai kuma katafila. Mojave na cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Amurka, ga fili shimfiɗaɗɗe, don haka kamfanonin wutar sola suka yi mata ca. Tashar Ivanpah da aka buɗe a 2014 ta ci hekta kusan 1,400. An kwashe kunkuru an sauya musu wuri, domin kunkuru ana ganinsa, ana iya ɗaukarsa. Iri kuwa yana cikin 'yan santimitocin saman ƙasa, daidai inda bakin katafila ke kankarewa. Kafin a ba da izinin gini ana tura masana su duba abin da ke filin, kuma ƙa'idar hukumar kula da namun daji ta Kalifoniya ta ce a yi dubawar a lokacin da tsirrai ke fure, ta kuma amince cewa shekarar fari na iya ɓoye su. Sai dai mai gini yana da wa'adi da bashin banki, ba zai jira shekara bakwai ruwan Oktoba ya sauka ba. Ga tauraron hamada, wanda ya bazu daga Kalifoniya zuwa Sonora, asarar fili ɗaya ba za ta ƙarar da shi ba. Amma ɗan'uwansa Eriophyllum mohavense, wanda duk duniya ba a samunsa sai a yammacin Mojave, kewayen garin Barstow, yana iya kasancewa dubbai a ƙarƙashin filin da rahoton dubawa ya rubuta cewa babu komai a cikinsa.